Yaren Matattu a Gidan Mai Burodi

"Ke wace ce tasa?"

Ottavia ta leƙa ta bayan ma'aikaciyar jinyar asibitin, tana neman hango gadon.

Ma'aikaciyar jinyar ta sake tambaya, hannunta a kan ƙofar ɗakin da aka kwantar da Amedeo. "Matarsa ce ke? Ko ƙanwarsa?"

"Ni ce... ni ce wadda zai aura."

"Babu wadda zai aura!"

Daga bayanta muryar ta fito. Sinyora Assunta ce, mahaifiyar Amedeo, gajeruwar mace cikin baƙaƙen kaya. Saukarta ke nan daga motar ƙauye, har da sauran garin fulawa a hannun rigarta. Nunzia, 'yar maƙwabtansu da ta daɗe tana son Amedeo, tana biye da ita riƙe da jaka.

"Sinyora, don girman Allah, ganinsa kawai zan yi..."

"Kin gan shi ai. Shekara da shekaru kina ganinsa, ni da na haife shi sai a Kirsimeti. Lafiyayye na ba wa Roma ɗana, ga yadda kuka dawo min da shi, ke da yarenku na matattu!"

"Dangi kawai ake bari," in ji ma'aikaciyar, tana kauce wa idon Ottavia.

Assunta ta shige.

Nunzia ma ta shige, da sunan 'yar ɗaki.

Aka rufe ƙofar.

Ottavia ta jingina da bango, ta sulale har ƙasa. A safiyar nan Amedeo yana gaban allo yana koya wa ɗalibansa Latin, tsohon harshen Romawa, alli ya faɗi daga hannunsa, shi ma ya bi allin. Likitoci sun ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke.

Amedeo da magana! Mutumin da ko a cikin barci sai ya yi gardama.

A jami'a suka haɗu, a ajin farko na Latin. Shi ɗan mai gasa burodi daga Roccavenna, can cikin duwatsu, ita 'yar direban tasi, haifaffiyar Roma. Ranar farko ya leƙa takardarta ya ce ta yi kuskure. Ta ce ba ruwansa. Kashegari ya zo mata da kofi ya ce har yanzu kuskuren yana nan.

Tun daga nan ba su daina faɗa ba. Shi masu rubuta tarihin yaƙe-yaƙe da majalisa yake so. Ita kuwa masu rubuta rayuwar sarakuna: wane ne mai sanƙo, wane ne mai rowa, wane ne ke ɓuya idan aka yi tsawa.

"Ke ba tarihi kike so ba, Tavi, gulma kike so."

"Gulmar da ta fi ƙarfin mutuwa ai ta zama ilimi, malam."

"To zo ki karanta min gulmar, zuciyata. Da muryarki ko sunayen kayan miya kika karanta zan saurara."

Sun gama karatu, sun sami koyarwa a makaranta ɗaya, sun sa bikinsu bayan idin Ista na Kirista. Assunta ce kaɗai ta ƙi sa albarka. Ɗanta tilo, wanda ya kamata ya gaji tanderun ubansa, ya tafi yana bin bayan mutanen da suka daɗe da zama ƙasa, kuma a ganinta Ottavia ce ta riƙe masa ƙafa a birni.

Da aka sallame shi, ba wanda ya faɗa wa Ottavia. Zuwa ta yi ta tarar da wani tsoho a gadon.

Ta kira wayarsa, Nunzia ta ɗauka.

"Haba Ottavia, ki tausaya masa mana. Likita ya ce kada a tayar masa da hankali. Ko sunanki aka ambata sai ya juyar da kai."

"Ƙarya kike yi!"

"To. Ni dai ina gefensa, ke kina Roma."

Ranar Lahadi ta hau mota zuwa Roccavenna. Ta tsaya a ƙofar gidan burodin, ƙamshi ya cika titi, tagar ɗakinsa tana sama a rufe. Assunta ta fito tana goge hannu.

"Farfesa, mun gode da zuwa. Burodi za ki saya?"

"Sinyora, ko daga bakin ƙofa ne..."

"Ba ya son baƙi."

Baƙi.

Ottavia ta haɗiye kalmar kamar ƙaya. Ta ciro ƙaramin littafin Latin daga jakarta, wanda gefensa ya yi laushi don yawan shafa, ta miƙa wa Nunzia da ke tsaye a bayan kantar sayar da burodi.

"Ki ajiye masa a gefen gado. Ko bai iya karantawa ba, zai san nasa ne."

"Ba komai, zan kai masa," in ji Nunzia da murmushi.

Haka ta riƙa yi duk Lahadi. Ta zo, a tare ta, ta bar littafi, ta zauna a bakin maɓuɓɓugar ruwan da ke dandali tana kallon tagar har motar yamma ta zo. Tsofaffin garin sun saba da ita. Wasu su gaishe ta, wasu su girgiza kai.

A gida ma ba sauƙi. Mahaifinta ya ajiye cokali mai yatsu a kan taliyarsa ya dube ta.

"Ottavia, dubi yadda kika koma. Yaron nan ina ƙaunarsa, Allah ya sani. Amma aure kike nema ko jinya?"

"Baba, da ni ce na faɗi fa?"

"Da ni zan ɗauke ki, don ni na haife ki. Shi ma tasa uwar ta ɗauke shi. Ke a wane layi kike?"

Ottavia ta ture farantinta.

Ba ta da layi. Ba takarda, ba zoben aure, ba hukumar da za ta kai wa ƙara. A aji tana koya wa yara yadda manyan dauloli suka faɗi, a makewayin malamai kuma ta kulle kanta ta yi kuka har a kaɗa ƙararrawa.

Sanyi ya wuce. Ista ta zo ta wuce, da ranar da suka sa wa bikinsu. A makon nan ta kasa tashi zuwa Roccavenna. Ta kwanta da zazzaɓi, Lahadin da ta biyo baya ma ba ta je ba.

Wata Talata da rana, tana fitowa daga makaranta, ta ga mace cikin baƙaƙen kaya tsaye a bakin ƙofa, yara suna ratsa ta ta ko'ina. Ta rame, ta ƙara gajarta. A hannunta akwai buhun fulawa da aka ɗaure bakinsa.

"Sinyora! Me ya faru? Ya rasu?"

"Rufe min baki, bai rasu ba."

Assunta ta kwance buhun. Littattafai ne. Duk waɗanda Ottavia ta bari, da toka a jikinsu, ɗaya har wuta ta lashi gefensa.

"A bayan tanderu na same su, cikin itace. Na tambayi Nunzia, ta ce don lafiyarsa ta yi. Ta kuma ce masa tun a asibiti kika gudu, kin sami wani malami..." Ta sunkuyar da kai. "Ni ma na ji tana faɗa masa. Ban hana ta ba. Daɗi ma na ji."

Ottavia ta shiga kaɗe tokar da ke jikin littattafan, Assunta kuma ta ci gaba.

"Da likita ya ce hannun ba zai koma murza ƙullu ba, sai ga aiki ya yi wa Nunzia yawa a kantin maganin da take aiki. Yau ciwon kai, gobe baƙi. Shi kuma ya daina cin abinci. Na dafa masa duk abin da yake so tun yana yaro, ya kawar da kai. Da na kai masa littafin nan, ya rungume shi da hannu ɗaya yana wani irin kuka... Na kira Fada Gaetano na cocinmu ya karanta masa, bawan Allah ya yi ta tuntuɓe har yaron ya jefe shi da matashin kai."

Assunta ta share ido da bayan hannu, cikin fushi da hawayen.

"Ni ban iya ba. Na buɗe, na juya, ban iya ba. Na haife shi, na san kukansa na yunwa da na ciwo, amma wannan ban san shi ba. Ban zo don ina son ki ba, Farfesa. Na zo don ba ni da inda zan je."

"Mu tafi," in ji Ottavia.

Ɗakin yana warin magani da ƙamshin burodi. Amedeo yana kan kujera kusa da taga, bargo a ƙafarsa. Gefen bakinsa ya karkace, gemu ya rufe fuskar da take sumbata, hannun damansa a kwance kan cinya kamar ba nasa ba.

"Amedeo... hasken idona..."

Ya ɗago.

Ta ga farin cikin ya haska idonsa, ta kuma ga lokacin da kunya ta kashe shi. Ya ja bargon ya rufe hannun. Ya juya fuska ga bango.

Ta durƙusa a gabansa. "Ban gudu ba. Na rantse ban gudu ba. Duk Lahadi ina ƙarƙashin tagar nan."

Ƙirjinsa ya shiga hawa da sauka. Leɓɓansa suka yi ta kokawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, sannan wani sauti ya fito, a shaƙe, amma a fili.

"A... bi."

Assunta ta saki ƙara. "Ya yi magana! Uwa Maryamu, ɗana ya yi magana! Me ya ce? Ottavia, me ya ce?"

Ottavia ta runtse ido.

Latin ne. Kalmarsa ta farko bayan duk wannan shirun, da yarensu su biyu ta fito, kuma ita kaɗai a gidan ta san ma'anarta. Tana iya cewa ruwa ya nema. Tana iya cewa sunanta ya kira. Ba mai ƙaryata ta.

"Cewa ya yi in tafi."



Assunta ta dubi ɗanta, ta dubi yarinyar da ke durƙushe, sai ta kama ƙugu.

"In ji wa? Gidan nan ubanka ya bar min, ba kai ba. Ni na kore ta, ni na je har Roma na ɗauko ta, kai kuma daga buɗe baki sai rashin kunya? Zauna, 'yata. Ɗauki littafin."

'Yata.

Ottavia ta buɗe littafin da wuta ta lasa. Ba ta zaɓa ba, inda ya buɗe nan ta fara. Labarin wata shekara ce ta bala'i a tsohuwar Roma, ana kashe wasu, ana korar wasu daga ƙasa, matan kuma suna tattara kaya suna bin mazajensu ba tare da an roƙe su ba. Muryarta ta karye a tsakiyar jimla. Ta sake farawa. Ta sake karyewa.

Amedeo bai juyo ba.

Amma kafaɗunsa suna girgiza, kuma can sai hannunsa na hagu ya lallaɓo, ya kama bakin rigarta, ya damƙe.

Assunta ta fita a guje. Suna jin ta a matakala tana kuka tana zagin tukunya, tana cewa bari ta ɗumama miyar.

Ba a yi wata mu'ujiza ba. Amedeo bai koma aji ba, hannun bai dawo ba. Wasu kalmomin Latin da ya haddace tun yana saurayi suna faɗo masa ba shiri, amma yaren da ya sha a nono ya ƙi zuwa. Akwai ranakun da zai nemi kalma ɗaya har gumi ya karyo masa, ya bugi tebur, ita kuma ta tsaya tana kallonsa, ba abin da za ta iya. Ta nemi canjin makaranta zuwa garin da ke gindin dutse. Mahaifinta ya yi fushi na ɗan lokaci, sannan ya loda akwatunanta a tasinsa ya kai ta da kansa, yana mita tun daga Roma har Roccavenna.

Da kaka, bayan an gama tsinkar inabi, aka ɗaura auren a cocin garin.

Fada Gaetano ya tambayi Ottavia, ta amsa. Ya juya ga Amedeo, wanda ya ƙi kujera ya tsaya dogare da sanda.

"Amedeo, ka yarda ka karɓi Ottavia ta zama matarka?"



Leɓɓansa suka motsa, babu sauti. Gumi ya tsattsafo masa. Wani ya yi tari a baya. Fada ya sunkuyo ya raɗa masa cewa ko kai ya gyaɗa ya wadatar.

Amedeo ya girgiza kai. Ba zai gyaɗa ba.

Ottavia ta riƙe hannunsa. Ba ta iya ɗaga masa wannan nauyin, ba wanda zai iya.

"Ku ba shi lokaci!" in ji Assunta daga bencin gaba. "Taliyar bikin ba za ta gudu ba!"

Aka yi 'yar dariya. Shi ma gefen bakinsa ya motsa. Ya ja numfashi, ya dubi Ottavia cikin ido.

"Eh."

Da yaren garinsu ya faɗa, da irin lafazin mutanen dutse, yadda yake amsa wa uwarsa idan ta ƙwala masa kira daga bakin tanderu.

Assunta ta miƙe kamar za ta je wurinsa. Ta koma ta zauna daɓas, ta kifa fuska a kafaɗar mahaifin Ottavia, direban tasin da ba ta taɓa yi wa magana mai daɗi ba, ta fashe da kuka.