Ruwan da Na Sha a Hoi An

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Hansatu, kife wayar nan, haskenta yana shigar min ido. Wannan ba tatsuniya ba ce, saboda haka kada wanda ya ce min ta zo mu ji ta. A kaina ya faru.

Kun san na taɓa zama a Vietnam, amma ba ku san yadda na tafi ba. Da faɗa na tafi. Wani ɗan kasuwa a Dawanau ne ya nemi wanda zai riƙa karɓar masa kashu a can idan jirgi ya sauke, na ce ni. Babana, Baffanku Malam Shitu, ya ce ban isa ba, in zauna in riƙe masa shago. Ni kuwa kun san ni da taurin kai. Ranar da zan tafi na durƙusa yi masa sallama, ko ɗagowa bai yi ba.

Ya ce, "Sallau, in ka tsallake ƙofar nan, kada ka neme ni. Ni ma na cire sunanka daga bakina."

Na ce to, na tsallake. Da na isa na canza layi, ban ba kowa lambar ba. Wata goma sha ɗaya ban kira gida ba. Abin yana cina a rai kullum, amma ina jira a fara nemana, alhali ban bar hanyar da za a neme ni ba. Ku ga wauta.

A Danang nake aiki, wani gari na bakin teku. Kusa da shi akwai tsohon gari, Hoi An, inda baƙi ke tururuwa zuwa kallo. Akwai wani abokin aikina, Tuwan, ɗan can ne, ya yi alkawari zai kai ni. Da na ce mu je ran Asabar, sai ya girgiza kai.

Ya ce, "Ba wannan watan ba. Bari wata ya mutu."

Na ce, "Me ya sami watan?"

Ya ce, "Akwai baƙi da yawa."

Na ɗauka Turawa yake nufi. Na yi dariya, na hau mota ni kaɗai.

Bayan la'asar na sauka. Gari ne mai kyau, ba zan ɓoye muku ba. Gidaje duk ruwan ɗorawa, rufinsu ya yi baƙi don tsufa, an rataye fitilu na siliki daga wannan bango zuwa wancan. Amma zafi! Irin zafin da ke jiƙa mutum yana tsaye. Na yi ta yawo a lunguna har maƙogwarona ya bushe.

Sai na ga wani ɗan tebur a ƙofar wani gida. An jera ƙananan kofuna na ruwa, da kwanukan kunun shinkafa, da gishiri a faranti, ga turare yana ci a gefe. Ba kowa a wurin. Na duba gaba, ƙofa ta biyu ma haka, ta uku ma haka. To, ku me za ku ɗauka? A garinmu wa bai san randar ƙofar gida ba, wadda ake ajiye wa masu wucewa? Na ce a raina, ashe mutanen nan sun san sadaka. Na ɗauki kofi na shanye. Ko bismilla ban yi ba, don ƙishi.

Ruwan ba shi da ɗanɗano. Ban ce bai da daɗi ba. Ba shi da komai, kamar na haɗiyi iska mai sanyi.

Ina ajiye kofin na ji an ce, "Sannu da hanya, samari."

Da Hausa.

Wata goma sha ɗaya rabona da jin Hausa a kunnena. Na juya, sai ga wani dattijo tsugune a jikin bango. Baƙi ne, siriri, da ƴar shara wadda ta koɗe, da tsage a kumatu irin na mutanen da. Wallahi farin ciki ne ya fara kama ni, har idona ya kawo ruwa. Na durƙusa na gaishe shi.

Na ce, "Baba, daga ina?"

Ya ce, "Daga nesa. Hajji na fita a ƙasa. Daga Jidda na shiga aikin jirgin ruwa. Jirgi ya kawo ni nan, ya tafi."

"Kun daɗe?"

"An ɗan jima. Tashi in nuna maka gari."

Abu ɗaya na lura da shi, na kuma share. Bakinsa yakan gama motsi kafin maganar ta iso. Kuma tana fitowa da amo, kamar mai magana a cikin tulu. Na ce tsufa ne.

Ya wuce gaba ina biye. Muka fara zuwa wata tsohuwar gada ta katako, mai rufi kamar ɗaki, a kan wani ɗan rafi. A baki ɗaya akwai gunkin kare, a ɗayan na biri. Wata mata tana tsaye tana duba tikitin masu shiga. Na laluba aljihu, dattijon ya ce in bari. Muka wuce ta gabanta, ko kallonmu ba ta yi ba. Ni kuwa har da murna, na ce ashe tsoho yana da hanya a garin nan.

Ladiyo, in tsoro kike ji ki koma kusa da Hansatu, amma ki daina jan min riga.

A kan gadar ne na fara jin wani abu. Ku sani, baƙar fata a ƙasar nan ba ya tafiya a ɓoye. Duk inda na bi sai an kalle ni, yara su biyo ni, wasu su nemi hoto da ni. Har na gaji da abin. Amma tun da na sha ruwan nan ba wanda ya ɗaga ido. Wani Bature ya taho da kyamara kai tsaye, ni na kauce masa. Ya wuce abinsa.

Daga nan ya kai ni wani gidan attajiran da, duk katako baƙi, ciki duhu da sanyi. A jikin bango an ja layuka, kowane da shekararsa. Ambaliya ce, duk shekarar da kogi ya shigo gari sai su sa alama inda ruwa ya tsaya. Dattijon bai kalli layukan ba. Ya ɗaga hannu ya nuna can sama, kusa da rufi, inda ba a rubuta komai ba.

Ya ce, "Tawa a nan ta tsaya."

Na ce, "Taku wace, Baba?"

Ya sauke hannunsa. A lokacin ne na sunkuyar da kai na ga ƙafafunsa. Ba takalmi. Sun yi fari fat sun yamutse, irin hannun wadda ta wuni tana wanki. Ruwa yana tsattsafowa daga tsakanin yatsun. Na waiwaya. Tun daga ƙofa sawunsa ne a jiƙe a kan daɓe, ɗaya bayan ɗaya.

A gefen nasa akwai wani sawun. Na takalmi. Nawa.

Na taɓa takalmina, a bushe yake. Na buɗe baki in yi a'uziyya, harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Na so in juya, ƙafata ta ƙi. Inda ya sa ƙafa nan take bi.

Muka ratsa wani babban zaure mai jan ƙofa, inda aka rataye turare a sama, naɗe-naɗe kamar maganin sauro amma kowane ya kai faifai. Hayaƙin duk ya karkato ya biyo mu. Da muka fito rana ta faɗi, an kunna fitilu, ja da kore da shuɗi. Sai na gan su. A kowace ƙofa mai tebur akwai masu tsugune, suna shan kunun nan da hannu biyu. Wani da rawani, wani da dogon kitso ɗaya a baya, wani Bature da rigar da ban taɓa ganin irinta ba. Ba mai magana. Duk wanda muka wuce sai ya ɗago ya kalle ni. Su kam suna ganina.

Da ƙyar na ce, "Baba, su wane ne waɗannan?"

Ya ce, "Baƙi ne. Fatake da ma'aikatan jirgi. Sun zo ba su koma ba, kuma ba mai ambatonsu a gida. Mutanen garin nan suna da kirki. Wata ɗaya a shekara suna ajiye mana abinci a waje, don kada mu shiga ciki."

"Ni ban sani ba na sha."

"Na sani. Amma da kana da mai nemanka, da ruwa kawai ka sha."

Wannan maganar ta fi komai tsorata ni, don na san gaskiya ce.

Muka iso bakin kogi. Mutane cike, suna saka ƴan fitilun takarda a ruwa, kowace da kyandir a ciki, suna ta hoto suna dariya. A tsakiyarsu ga wani dogon kwalekwale ba fitila, an zana masa idanu biyu a goshi. Masu tsugunen nan suna ta shiga ɗaya bayan ɗaya. Sun fi arba'in, amma kwalekwalen ko motsi bai yi ba, bai nutsa ko da ɗan yatsa ba.

Dattijon ya shiga, ya miƙo min hannu.

Ya ce, "Zo. Na gaji da rashin abokin hira."

Na ce, "Ina da gida."

"Kowa nan yana da gida."

"Ina da uba."

Ya ce, "To saurara. Wanda ake kira ba ya shiga, nauyi gare shi. In akwai mai kiranka, za ka ji."

Na kasa kunne. Hayaniyar mutane ta ɗauke ɗif. Ba na jin komai sai ruwa yana lasar katako. Na jira. Na tuna Inna ta rasu tun ina ƙarami. Na tuna abin da Babana ya ce, kuma na san shi, in ya faɗi magana ya faɗa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba. Ƙafata ta dama ta ɗaga da kanta ta sauka a cikin kwalekwalen. Ban ji katako a ƙarƙashinta ba.

Ta hagu ta fara ɗagawa.

Sai na ji muryar Babana, can nesa, da faɗa-faɗa, yadda ya saba:

"Kai Sallau! Kawo min buta mana, lokaci yana wucewa!"

Sannan a hankali, "Au. Nafi'u nake nufi."

Nafi'u ƙanena, kun gane. Kuskure Baba ya yi, bakinsa ne ya suɓuce.

Nan take kwalekwalen ya karkata ta gefena, ruwa ya fara kwarara ciki. Duk suka juyo. Dattijon ya saki hannuna da sauri kamar ya taɓa garwashi. Na faɗa ruwa har ƙugu, na rarrafo na kama dutsen gaɓa. Harshena ya saku, na yi ta salati da ƙarfi.

Ya tsaya yana kallona. Ba fushi a fuskarsa, sai wani abu da ya fi fushi ciwo.

Ya ce, "Ka yi arziki, samari."

Tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Baba, faɗa min sunanku da garinku. Wallahi in na koma zan sa a yi muku addu'a."

Ya buɗe baki. Ya kalli ruwa, ya kalli hannunsa.

Ya ce, "Na manta."

Kwalekwalen ya ja baya ya bi tsakanin fitilun, ko ɗaya bai ture ba. Sai wata mai sayar da fitila ta ƙwalla ƙara, don a wurinta yanzu na ɓullo daga cikin ruwa. Mutane suka taru a kaina suna nuna ni. Ban taɓa jin daɗin kallo irin na ranar ba.

Da na ba Tuwan labari washegari, bai yi dariya ba. Ya ce ko ɗan yaye a garinsu ya san ba a taɓa abin teburin nan. Wani malami kuma daga baya ya ce min aljanu ne suka ari kamannin mutane, matacce ba ya yawo. Ban yi masa musu ba, Allah ne masani. Ni dai abin da na gani na faɗa muku.

A daren da abin ya faru na kira Nafi'u. Kafin ya gama ihun murna na ce, "Yau da azahar Baba ya nemi buta?" Can da nan awa shida ne tsakani, magaribarsu azahar ɗinmu ce. Ya ce wa ya gaya min. Ya ce tun da na tafi Baba bai taɓa furta sunana ba sai ranar, kuma da ya gane abin da ya faɗa, ya zauna riƙe da butar har aka tayar da salla bai yi alwala ba.

Na ce ya kai masa wayar. Ina jin numfashinsa. Na yi sallama, ya amsa. Na ce, "Baba, ku yafe min." Sai ya ce, "Kana cin abinci kuwa?" Na ce ina ci. Ya ce to, ya miƙa wa Nafi'u.

Iyakar maganarmu ke nan. Sai da na yi wata biyu kafin takarduna su kammala, kuma kwana tara kafin in sauka Kano aka binne shi.

Saboda haka ku ji ni da kyau. In Allah ya kai ɗayanku garin nan, ku kalli gadar, ku kalli fitilun, amma kada ku bi lungunan ku kaɗai, kuma kada ku taɓa abin da aka ajiye a ƙofar da ba ku san masu ita ba. Sannan jibi zan koma Legas. Wanda yake kirana da kuskure ba ya nan yanzu. Ku riƙa ambatona, ko da zagi ne.

Ku tashi ku kwanta. Hansatu, bar fitilar a kunne.