Sara da Ruwan Dutsen Malamai

Shekara da shekaru ana faɗa a Minna cewa asiri Yisa ya yi wa Sara. Wai ya hau Dutsen Malamai da ke gefen hanyar Paiko, ya sa tsohon da ke tsaron kaburburan waliyyai ya yi masa aiki, shi ya sa 'yar dattijon coci ta nace sai Banufe Musulmi. Ni kuwa aikin koyarwa ya nuna mini cewa amsar da duk aji ya haddace ba lallai ta zama daidai ba. Da na ajiye alli sai na bi mutanen ɗaya bayan ɗaya na tambaya. Ga abin da na samo.

Wata Asabar ce a shekarar 1978, Yisa mai gyaran rediyo a unguwar Sauka Kahuta ya bi abokansa ziyara. Dutsen ba shi da wani tsawo. Wanda ya kama hanya da hantsi zai yi azahar a sama, ya yi wa malaman da ke kwance a can addu'a, ya sauko kafin la'asar. Sai dai Yisa ya zo da takalmi mai tudun dunduniya irin na samarin lokacin. Ba a kai rabi ba abokan suka bar shi zaune a kan fa yana haki.

Nan Sara ta same shi, da tulu a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya.

"Sannu, Ɗan Birni. Dutsen ne ya yi maka tsawo ko takalmin?"

"Hutawa kawai nake yi."

"Na gani. Har ƙadangaru sun saba da kai."

Dariya ta ƙwace masa. Ta tsiyaya masa ruwa a 'yar ƙwarya, ya sha, ya ɗago ya dube ta, ya manta bai ce na gode ba.

"Ke ma ziyarar za ki?"

"Ni Kirista ce. Ruwan Baba Ndaliman ne, mai tsaron wurin. Babu rijiya a sama, tun zamanin kakata gidanmu ke kai wa masu tsaro ruwa. Cire takalmin nan ka biyo ni. Inda na taka, nan za ka taka."

A sama ya tarar da kaburbura kewaye da duwatsu a ƙarƙashin tsamiya, da ɗan masallacin da ba shi da rufi. Can ƙasa ga Minna, layin dogo ya ratsa ta kamar zare. Ya ɗaga hannu zai yi addu'a, Sara ta ja gefe ta yi shiru har ya shafa.

Daga ranar Yisa ya zama mai yawan ziyara. Duk Asabar yana zaune a kan fan nan yana jiran Mai Tulu, sunan da ya raɗa mata.

Akwai wani Charles, ma'aikacin ofis kuma mawaƙin coci, wanda ya daɗe yana kai gaisuwa gidansu Sara ba ta ba shi fuska ba. Shi ya samu mahaifinta, Irimiya.

"Baba, abin nan ba haka kawai ba ne. Me ya sa kullum sai a wajen kaburbura suke haɗuwa?"

Na tambayi Charles bayan ya yi furfura. Ya ce shi ma ji ya yi. Duk wanda na tambaya a garin nan ji ya yi.

Irimiya ya kira 'yarsa. Ba mutum ne mai faɗa ba, tsoronsa ɗaya, kada a raba ta da hankalinta da cocinta.

"Daga yau ba ke ba dutsen nan, ba ke ba yaron nan, har a gama cire doya. In asiri ne zai karye. In so ne zai jira."

"Na ji, Baba. To ruwan tsoho fa?"

Yayyenta sun yi aure, uwarta na fama da ciwon baya. Irimiya bai yi tunanin wannan ba.

Labari ya kai wa Yisa, Asabar na zagayowa sai ga shi a ƙofar gida da silifas da jarka. Ya durƙusa.

"Baba, ba wajen Sara na zo ba, kuma ba zan dube ta ba. Ruwan Baba Ndaliman na zo roƙo."

"Ruwa ba a hana shi. Ga rijiya can."

Ya ɗora jarkar a ka, ta jiƙa shi sharkaf, matan maƙwabta suka yi ta shewa. Ya sauke ta ya saɓa a kafaɗa, ya kama hanya. Haka ya riƙa yi har damina ta shiga, duwatsu suka yi santsi, ya faɗi ya tashi, bai fasa ba.

Sara kuwa tana leƙensa ta taga. Ta ga ko waiwayen ɗakinta ba ya yi, sai zuciyarta ta fara raya mata cewa lada yake nema, ita kam ya haƙura da ita. Ta rame, ta daina waƙa in tana daka.

Wata Lahadi da yamma Irimiya na sauraron shirin gaishe-gaishe a rediyo, Sara na tsince wake a gefe, sai mai gabatarwa ya karanto:

"Daga Ɗan Birni a Sauka Kahuta zuwa ga Mai Tulu a hanyar Paiko. Tsoho ya sha ruwa, yana gaishe ki. Kafaɗata ta yi kanta, amma zuciyata tana nan yadda kika bar ta. Na yi wa Baba alkawari ba zan dube ki ba. Ban yi masa alkawarin daina tunaninki ba."

Waken ya zube. Irimiya ya gyara zama.

"Yaron nan ya cika surutu," in ji shi. Amma bai kashe rediyon ba.

Da aka gama cire doya ya tare Yisa a bakin rijiya.

"Ɗana, ajiye jarkar nan. In na ba ka ita, Lahadi fa?"

"Lahadi tata ce, Baba. Ni zan kai ta bakin coci a kan babur, in jira ta a gindin mangwaro."

Irimiya ya juya wajen ƙofa. "Ke kuma, kina ciki kina jinmu, na sani. Ya karye?"

Daga bayan ƙofa Sara ta ce, "Bai karye ba, Baba."

An sha biki bayan Kirsimeti. Fasto da liman suka ci sakwara a tire ɗaya, kowa ya sa albarka da irin bakinsa, jama'a na amsawa da amin. Da za a tafi da amarya, Yisa ya sunkuya kusa da ita.

"Mai Tulu, yau an yarda in dube ki?"

"Duba a hankali, Ɗan Birni, kada ka yi haki."

Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya, ya ƙara musu. Amma maganar asiri ba ta mutu ba, don haka daga ƙarshe na hau dutsen da kaina, ina tafe ina hutar da gwiwa. Na tarar da Baba Ndaliman ya tsufa tukuf, ido ya tafi, hankali na nan garau. Na tambaye shi kai tsaye ko Yisa ya taɓa neman ya yi masa aiki a kan Sara.

Ya ce Yisa bai taɓa roƙonsa komai ba, sai ruwa da yake kawo masa. Mutum ɗaya ne ya taɓa hawa dutsen nan a kan maganar aurensu. Irimiya ne, ana saura kwana kaɗan biki. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a gindin tsamiya, ya roƙi a taya shi addu'a Allah ya zaunar da 'yarsa lafiya a gidan Yisa.