Kuɓewar Bayan Gida

Bayan magariba Iklima ta shiga ɗan lambunta na bayan gida a Hammadu Kafi don tsinko kuɓewar miya. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Da ta juyo, sai hanya ta ɓace mata. Duk inda ta kutsa masara ce, jiƙaƙƙen ganye yana shafar wuyanta, kwaɗi sun yi tsit.

Can ta jiyo mijinta daga tsakar gida: "Iklima, kin shigo? Zan rufe ƙofar lambu."

Ta buɗe baki, murya ta ƙi fita.

"Rufe, Baban Batul, na shigo," aka amsa daga kicin, da muryarta sak.

Sakata ta yi ƙara. Sai ta ji 'yarta Batul tana dariya: "Mama, yau hannunki sanyi."