Garin Neman Gudu

Akwai wata yarinya 'yar aji shida da ake yi wa laƙabi da 'Yar Sauri. Komai nata da gudu take yin sa, har cin abinci.

A gidansu akwai kwamfuta guda ɗaya. Tana kan ƙaramin tebur a falo, kusa da taga. Yayarta tana rubuta aikinta na kammala makarantar jinya da ita. Ita kuwa 'Yar Sauri tana wasan tseren mota a kai ranar Asabar.

Abu ɗaya ne ke ba ta haushi. Motar wasan takan ɗan cije kafin ta wuce.

Wata Asabar ta kalli wani bidiyo. Mutumin ciki ya nuna yadda ake ƙara wa ƙwaƙwalwar kwamfuta gudu, wadda ake kira ram. A ƙarshe ya fara gargaɗi, amma ba ta tsaya ji ba.

Ta shiga saitin kwamfutar. Ta ga wata lamba, ta ɗaga ta sama sosai. Kwamfutar ta tashi lafiya. Motar ma kamar ta ɗan ƙara gudu.

"Ashe abin ba wuya," in ji ta. Ba ta gaya wa kowa ba.

Kwana biyu shiru. A rana ta uku, Yaya na cikin rubutu da hantsi, sai allon ya koma shuɗi. Kwamfutar ta mutu, ta sake tashi da kanta.

"Wayyo! Shafi huɗu sun tafi!" Yaya ta dafe kai.

Umma ta leƙo daga kicin. "Ko wuta ce ta yi ƙasa?"

"Ga fanka na juyawa, Umma. Ba wuta ba ce."

Washegari kwamfutar ba ta mutu ba ko sau ɗaya. Rana ta biyar kuma ta mutu sau uku. Mutuwar ba ta da lokaci. Wani sa'in ana rubutu, wani sa'in babu mai taɓa ta.

'Yar Sauri ta fara zargin kanta. Amma ta ce a ranta, "In da ni ce, ai tun ranar farko za ta lalace."

Sai Yaya ta tuna ta ga Auta, ƙanensu ɗan shekara biyar, yana danne-danne a wurin. Abba ya hana shi zuwa kusa da teburin.

"Ni fa harafin sunana kawai na danna," in ji Auta, hawaye na zuba.

'Yar Sauri ta sunkuyar da kai. Ranar ko abincin kirki ba ta ci ba.

Saura mako ɗaya Yaya ta miƙa aikinta. Abba ya ɗauki kwamfutar zuwa shagon gyara, 'Yar Sauri ta riƙe masa wayoyin.

Shagon ƙarami ne. Ga tsofaffin kwamfutoci jere a kan kanta, ga kwalba cike da ƙananan kusoshi. Mai gyaran wata mace ce mai tabarau, kowa na ce mata Injiniya.

Ta buɗe akwatin, ta hure ƙura, ta duba fanka. Ta nemi bairos, wato cutar kwamfuta, ba ta samu ba. Sannan ta sa wani gwaji. Can sai jajayen layuka suka fara fitowa a allon.

"Ƙwaƙwalwar ce ke yin kuskure," in ji Injiniya. "Ko dai ta lalace, ko wani ya taɓa saitinta. Akwai wanda ya shiga can?"

"Wa zai shiga?" in ji Abba. "Ni ko hanyar ban sani ba."

'Yar Sauri ta kalli jajayen layukan. Ta tuna hawayen Auta.

"Ni ce, Abba," ta ce a hankali. "Na ƙara mata gudu saboda wasana."

Abba ya dube ta. Kallon ya fi mata faɗa ciwo.

"To Anti, me ya sa ba kullum take mutuwa ba?" 'Yar Sauri ta tambayi Injiniya.

Injiniya ta cika kofi da ruwa har baki. "In kika tafi da wannan a hankali, zai zube?"

"A'a."

"In kika ruga da gudu fa?"

"Wataƙila ya zube, wataƙila na kai."

"Haka ram take. Ita ke riƙe aikin da kwamfuta ke yi a lokacin. In an tilasta mata gudun da ya fi ƙarfinta, sau da yawa takan kai. Amma in lamba ɗaya ta kuɓuce mata, komai zai iya tsayawa."

Ta mayar da saitin yadda yake. Ta sake gwajin, babu jan layi ko ɗaya.

"Garin neman ƙiba kin samo rama," in ji ta tana murmushi. "Amma kina da kai. In kina son koyo, ki riƙa tambaya."

Da suka isa gida, 'Yar Sauri ta fara zuwa wurin Auta. "Ka yi haƙuri, ƙanena. Laifina ne."

"Na yafe," in ji Auta. "Amma ni zan fara wasa."

Kowa ya yi dariya, har Yaya.

Abba ya hana ta wasa na mako biyu. Kullum bayan makaranta takan zauna kusa da Yaya. Tana karanto mata abin da Yaya ta rubuta a littafi, Yaya na bugawa. Haka suka maido da duk shafukan da suka ɓace. Yaya ta miƙa aikinta saura kwana ɗaya, kuma ta ci da maki mai kyau.

Daga nan 'Yar Sauri ta koyi darasi. Kada ka taɓa abin da ba ka gane ba sai ka tambayi wanda ya sani. In kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri, kafin laifinka ya hau kan wani.