Hular da Aka Auna da Kan Wani

A bakin iyaka Isufu ya fara ganin Lauratu, ranar da ɗaliban babbar sakandare, lise ta Konni, suka tashi zuwa Sakkwato ziyarar musayar ɗalibai. 'Yan duwan, masu binciken kaya, sun tsare mota, rana ta take, ta miƙo masa ruwa bai roƙa ba. Bai iya godiya ba. Kafin ziyarar ta ƙare dai yana kiranta Lauratuna, tana amsawa.

Ranar ƙarshe ce ta ɓata komai. Ana ɗaure kaya ya hango ta bayan aji da Attahiru, wani ɗalibi ɗan Sakkwato mai Turanci da agogo. Attahiru ya tuɓe hula ya sunkuya, ita tana zagaya kansa da zare, tana dariya.

Hannunta a kan wani namiji!

A mota ya koma kujerar baya. Ta biyo shi.

"Isuhuna, mi ya same ka?"

"Ba komi."

"Ba komi ka kumbura hakanga?"

"Koma wurin ɗan Ingilishi. Ko kin gama shafa mishi kai?"

Ta dube shi, ta tashi. Har Konni ba ta waiwayo ba.

Damina ta wuce ba su yi magana ba. Ya faɗi jarrabawar bak ta kammala lise, ya kama lodin siminti a Malbaza. Can labari ya iske shi: an ga Attahiru da babur ƙofar gidan su Lauratu, da ƙunshi a hannu. Gaisuwar iyaye ke nan, in ji zuciyarsa. Ko ƙurar siminti bai wanke ba ya hau mota sai Konni.

Lauratu ta fito zaure, ta jefa masa ƙunshin.

"Ga saƙon ɗan Ingilishi."

Hula ce, ɗinkin hannu, shuɗiya.

"Innarshi ke ɗinki. Taka ce. Kanka na so in auna, amma kana bari a matso ka? Sai na ga kanku kusan ɗaya."

Ya sa. Ta zurma har kunne.

"Kusan ɗaya?"

"Ashe nashi akwai karatu ciki," ta ce, tana rufe baki da mayafi.

Bai yi dariya ba. Bai kuma cire ba.

"Ki yi haƙuri, Lauratuna."

"Sai ka zo ka faɗa ma Baba."

Mahaifinta, Malam Labo, ya ce ɗiyarsa ba ta auren wanda ya faɗi bak. Isufu bai yi musu ba. Kowace Juma'a yakan zo gaisuwa da hular nan har kunne, ya durƙusa, ya tafi. Wata rana tsohon ya kasa riƙe dariya.

"Mai iya yawo da wagga hula cikin Konni zai iya riƙe mace. Turo magabatanka."

Aka ɗaura aure bayan girbi, aka shafa Fatiha, dattawa na Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Attahiru ma ya zo. Isufu ya gaisa da shi da hannu ɗaya. Ɗayan na dafe da hula.