Sunan Ciwon Lamba Tara

Ranar da ya shigo ɗakin hoto na asibiti yana ɗingishi, kunya ta hana ta kallon fuskarsa. Ta shafa wa ƙafar man nan mai sanyi, ta ɗora kan na'urar, ta zuba wa allo ido.

"Malama mai hoto, ke kuma wane suna za ki raɗa masa?" in ji shi. "Asibitin farko sun ce targaɗe, na biyu kumburi, likitan ƙungiyarmu ya ce gajiya ce. Ciwo ɗaya suna uku, sai ka ce ɗan gata."

Ta danne dariya, ta dubi lambar da ke jikin rigarsa ta ƙwallo. "Yagewa ce, Lamba Tara. Rabin tsokar."

Tun daga nan bai fasa zuwa ba, ko da ba ranar awo ba ce.

Da maganar aure ta isa gidansu, Baba ya murtuke. "Ɗan ƙwallo ƙafarsa ce jarinsa. In gajiya ce, zan duba. In ta yage, ba na ba mai ɗumama benci 'yata."

Likitan ƙungiya ya same ta. "Ki ce ɗan rauni ne mana. Kalmar tana ɗaukar komai, kowa ya huta."

Sai ga saƙon Lamba Tara: "Sanyin idona, ki bar shi a gajiya. In buga wasan Asabar, Baba ya gani, a wuce wurin."

Ta mayar masa: "In ka buga, sauran rabin ma zai tafi. Ka yi fushi da ni, amma da ƙafa biyu."

Ita da ko gaisuwa ƙasa-ƙasa take yi, ta kira masu hoton asibitocin nan biyu da likitan, ta roƙi Baba ya zo. A gabansu ta sake ɗora na'urar a ƙafar Lamba Tara.

"Ga baƙin layin nan, kowa ya gani. Mu daina kiransa yadda ya yi mana daɗi. Mu tsayar da suna ɗaya."

Aka yi ta musu, daga ƙarshe suka amince: yagewar rabi. Babu wasa sai ta warke.

"Kin san abin da kika jawo wa kanki?" in ji Baba.

"Na sani, Baba. Ko a bencin ne, shi nake so."

Baba ya daɗe yana kallon allon, sannan ya juya ga saurayin. "Yaro, ka ga wadda za ka aura. Ranar da ka yi mata ƙarya, ka kuka da kanka."

Aka ɗaura aure ango na dogara sanda. Baba da kansa ya riƙe masa sandar lokacin addu'a. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari."