Maginiya da Tulunan Madugu

A wani zamani can baya, an yi wata tsohuwa maginiya. In ta gasa tuluna, ba ta zaɓen masu kyau don gwaji. Rufe ido take yi ta zaro kaɗan daga wurare dabam-dabam na tarin da ta gasa, ta cika su da ruwa.

Wata rana wani madugu ya sa ta gina masa tuluna, domin ayarinsa zai ratsa dajin da babu rijiya. Da tuluna suka huce, ya gan su jawur, sai murna ta kama shi.

"Kai, Iya, hannunki da albarka! A ɗora wa jakuna!"

Ta ce, "Dakata."

Ta rufe ido ta zaro na sama, ya riƙe ruwa. Ta rufe ido ta zaro na tsakiya, ya riƙe ruwa.

Madugu ya ce, "Kin gani ko? Rana tana yi, Iya!"

Ta rufe ido ta zaro na gefe. Sai ga ruwa yana ɗiga ta gindinsa.

"Haba, guda ɗaya ne fa! Yar da shi mu tafi."

Ta ce, "Ba shi kaɗai ya zauna a gefen nan ba. Iska ta janye musu wuta lokacin gashi."

Ta cika na gefen duka, yawancinsu suka yi ta yoyo. Madugu ya riƙe baki, ya ce a kwance jakuna. Ayari ya jira har ta sake gasa su, ta sake gwadawa.

Sun ratsa dajin nan cikin tsananin zafi, ba wanda ƙishirwa ta kayar. Da suka iso rijiyar farko, sai da suka zubar da sauran ruwa kafin su ɗebi sabo.